Tarzomar 1970 da Asalin Darasin Sababbin Ɗalibai a Amurka

Tunanin ware wa sabon ɗalibi darasi na musamman, domin a nuna masa hanyar zaman jami'a, daɗaɗɗe ne a Amurka. Jami'ar Boston ta gwada shi tun 1888, Kwalejin Reed kuwa ta sa shi cikin darussan da ake ba maki a 1911. Amma sannu a hankali abin ya dusashe, domin manyan malamai sun ɗauke shi aikin raino, wanda bai dace da matsayinsu ba.

Abin da ya farfaɗo da shi tashin hankali ne. Ran 4 ga watan Mayu, 1970, dakarun Jihar Ohayo suka harbe ɗalibai 4 a Jami'ar Kent, lokacin zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam. Wutar ta bazu cikin jami'o'in ƙasar, har ta kai Jami'ar Karolina ta Kudu, inda ɗalibai suka afka wa ginin hukumar jami'a, suka ritsa shugabanta, Thomas Jones, a ofishinsa.

Wani shugaban da sai ya ƙara yawan masu gadi, ya tsananta doka. Jones, wanda asalinsa injiniya ne, ya nemi tushen cutar. Ya lura jami'ar ta kumbura ƙwarai, ɗalibi yakan shiga ya fita ba malamin da ya san sunansa. Wanda kuwa bai ɗauki gida nasa ba, ba ya jin ciwon farfasa shi. Saboda haka a 1972 aka buɗe darasin da aka kira University 101, watau matakin farko na sanin jami'a: aji ƙarami, malami guda, ana tattaunawa a kan karatu da laburare da zaman tare.

Hikimar shirin tana wani wuri da ba a cika kula da shi ba. Jones ya gane gyaran na malamai ne kafin ɗalibai. Ba a ba kowa ajin sai ya zauna an horar da shi tukuna, kome tarin digirinsa, ya koyi sauraro bayan ya saba da a saurare shi. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga shaihin malami.

John Gardner ya karɓi ragamar shirin a 1974, ya riƙe har 1999. A zamaninsa aka kira taron ƙasa na farko kan shekarar farko ta ɗalibi, cikin 1982, daga nan jami'o'i masu yawa suka kwaikwayi tsarin.