Kainji: Gurbi 12, Inji 8

'Yan'uwa mazauna birni, wutar lantarkin da muke kunnawa tana da tarihi. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aka kammala a 1968. Ruwan tafkin ya cinye tsohon garin Bussa, aka mayar da mutanensa sabon matsuguni.

Abu biyu masu tsara tashar suka yi wa tanadi. Na farko shi ne nisa. Kainji tana nesa da Legas da Kaduna da Kano, wuta kuwa takan ragu a hanya, domin wani sashenta yana zama zafi a cikin waya. Saboda haka suka kafa manyan taransifoma masu ɗaga ƙarfinta zuwa bolt 330,000, don asarar ta ragu. Na biyu shi ne gobe. Sun tanadi gurbin injuna 12 masu ba da megawat 960, amma 8 kaɗai aka dasa, masu megawat 760.

Gurabe huɗun nan sun shafe shekaru fiye da 40 babu inji, alhali garuruwanmu suna ta bunƙasa. Mutanen Bussa sun sadaukar da gidajensu da kushewun iyayensu. Magabata sun auna mana da babban mudu, cika shi kuwa bashi ne a wuyanmu.