Tarihin ba da hannu a kan hanyar Madawa

Tun kafin mota ta shigo ƙasar Adar da Gobir Tudu, hanya tana da mai tsara ta. Ayarin fatake, ko mai ɗauke da gishiri da kanwa daga arewa, ko mai dawowa da goro daga Gwanja, yana tafiya ne a ƙarƙashin madugu. Shi ke faɗin lokacin tashi da wurin zango, jagaba kuma yana gaba yana duba hanya. In ayari biyu suka haɗu a bakin rijiya ko a mashigin dutse, madugai ke shirya wanda zai fara. Madugu ba ya aiki da agogo. Ƙarfin jakuna yake dubawa, da zafin rana, da labarin da masu tahowa suka kawo.

Zuwan Turawa ya sauya wannan tsari. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta shata iyaka kamar baka, mil 100 kewaye da Sakkwato. Dole sojojin Faransa masu zuwa Damagaram daga bakin kogin Kwara suka riƙa zagayawa ta Filinge da Tawa da Gidan Bado kusa da Buza, hanya mai ƙarancin ruwa. Sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tura iyakar kudu, sannan babbar hanya ta sauko ta Ƙwanni da Madawa da Maraɗi. Ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta mai da Madawa mahaɗa, inda hanyar Buza da Keita ke rabuwa ta nufi Tawa.

Albasa ta ƙara wa wannan mahaɗa nauyi. In bazara ta kama aka fara cirar albasa, manyan motoci kan yi layi suna lodin buhunan da za a kai Abijan da Akara da Lome. A gefensu ga amalanken jaki, ga 'yan kabu-kabu, ga 'yan makaranta masu tsallaka kwalta. Da damina kuwa hanyar kan yi sauƙi. Cinkoson wannan yanki na lokaci ne, yana bin kaka da ranar kasuwa.

A nan tarihin fitilar ba da hannu yake da darasi. An kafa ta farko a Landan a Disamba 1868, kusa da majalisar dokoki. Da iskar gas take aiki, kuma ba ta daɗe ba ta fashe, ta ji wa ɗan sandan da ke juya ta rauni. Mai aiki da lantarki ta bayyana a Kilibilan ta Amurka a 1914, mai launi uku kuma a Ditiroyit a 1920. Daga baya aka ɗaura fitilun a kan agogo: ja na daƙiƙa kaza, kore na daƙiƙa kaza, ko da mota ko babu. Don gyara wannan makanta ne injiniyoyin birnin Sidini na Ostireliya suka ƙirƙiro tsarin SCATS a shekarun 1970, Ingila kuma ta bi da SCOOT. Ana binne waya a ƙarƙashin kwalta tana ƙirga motoci, kwamfuta kuma ta tsawaita kore ga ɓangaren da layi ya fi tsawo. Fitila ta koma duban hanya, kamar yadda madugu ke yi.

Irin wannan fitila ta fi mai agogo dacewa da gari mai cinkoson lokaci. Amma akwai sharuɗɗa. Wayar da aka binne ƙarfe take ji, ba ta jin garken shanu, ba ta jin yaro mai tsallakawa. Tana buƙatar wuta dare da rana, alhali a Agusta 2023 Nijeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar, aka yi watanni ana fama. Faifan hasken rana zai iya cike giɓin, muddin akwai mai share masa ƙurar hunturu, da ma'aikacin da ya iya gyara.

Duk ranar da magadan gari na Madawa, Buza ko Keita za su zauna kan maganar mahaɗun garuruwansu, ya kamata su fara da abin da madugu ke farawa da shi: ƙirga masu bin hanyar, da mai mota da mai jaki da mai ƙafa, a kaka da kuma damina, kafin a sayo ko da fitila ɗaya.