Zaure Taro Ne: Gyara Kan Batun Jagorancin Ɗaliban Bincike

A wata takarda da wani abokin aikinmu ya gabatar kwanan baya, ya danganta jinkirin da ɗaliban digiri na biyu da na uku ke samu a jami'o'inmu ga lalacewar ladabi tsakanin malami da ɗalibi. Magani a wurinsa shi ne a koma tsarin zaure, malami da almajirinsa su biyu, da biyayya da haƙuri. Tarukan gabatar da babi kuwa, in ji shi, baƙin abu ne da aka kwaso daga Turai. Ba zan tsaya kan ƙarancin kuɗin bincike ba, ko yajin aikin ASUU, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Kowa ya san wannan. Inda nake da ja shi ne yadda ya siffanta zauren kansa.

Duk wanda ya zauna a makarantar ilimi a Kano ko Zariya ya san ba haka karatu ke tafiya ba. Mai Ahalari yana biya nasa, mai Risala na gefe yana saurare, kuma gyaran da malam ya yi wa mutum ɗaya, goma sun ji. In an tashi, manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana bita. A tsangaya ma, gardi ke ɗora wa ƙolo karatu kafin allo ya kai gaban alaramma. Mu kuwa a jami'a, ɗalibi ne zai zo da babi na biyu cikin ambulan, ya tarar da ofis a kulle, malam ya tafi koyarwar ziyara wata jami'a. Bayan wata huɗu babin ya dawo da jan biro a kan waƙafi da aya, hujjar ba a taɓa ta ba. Ban cire kaina ba, na yi wa ɗalibai haka. Wannan keɓewar, a iya fahimtata, ba daga zaure muka gaje ta ba.

Hujjar abokin aikin namu mafi ƙarfi ita ce taron gabatar da babi yakan zama dandalin cin fuska: malamin da ke da jiƙaƙƙiya da mai duba aikin sai ya bar jaki ya daki taiki, ɗalibi ya fita da hawaye. Gaskiya ne, na ga an yi. Sai dai cin fuskar da ake yi a taro tana da shaidu, shugaban sashe na iya tsawatarwa. Wadda ake yi bayan an rufe ƙofar ofis, ɗalibi ba shi da inda zai kai ta, tunda sa hannun da zai ba shi damar kare kundi yana wurin wanda zai kai ƙara.

Misalin da na fi dogara da shi shi ne Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a zamanin Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. An san sashen da tarukan da ɗalibi ke karanta takardarsa a gaban malamai da 'yan'uwansa a yi mata filla-filla. Cikin wannan yanayi Yusufu Bala Usman ya rubuta kundinsa kan Katsina, wanda aka buga littafi a 1981. Amma dole in taƙaita da'awata a nan. Ɗaliban lokacin kaɗan ne, kuɗin zuwa fage ya fi samuwa, don haka ba zan ce taro kaɗai ya haifar da ingancin ba. Misalin kuma na fannin tarihi ne. Masu ɗakin gwaje-gwaje, da ke haɗuwa kullum kan na'ura ɗaya da janareto ɗaya, matsalarsu wataƙila daban ce.

Abin da zan iya karewa bai wuce wannan ba: a fannonin adabi, harshe da tarihi, kada babi ya shiga ambulan sai an karanta shi a gaban sauran ɗaliban malamin, shi ma yana zaune, a rubuta gyaran da ranar da aka yi shi, a ajiye kwafi a ofishin sashe.