Kakannin Ƙadangaru da Fadamar Haɗeja: Waiwaye Kan Tarihin Wani Fim Na Yara

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu da suka taso a lokacin da kaset ɗin bidiyo ya fara shiga gidaje za su iya tuna wani fim ɗin zane na yara mai suna The Land Before Time, wato ƙasa tun kafin a san lissafin zamani. Ni a Haɗeja na fara ganin sa, a zauren wani maƙwabcinmu, mu yara muna zube a kan tabarma, ba ma jin Turancin da ake yi sai dai mu bi hoto. A cikin masu leƙe har da wata tsohuwa, wadda da aka gama ta ce ita ba ta ga wani abin mamaki ba, labarin fari ne da gudun yunwa, kuma ta ga irinsa da idonta. A lokacin dariya muka yi mata. Da girma ya zo na bi diddigin fim ɗin, da na dabbobin da ke cikinsa, da na fadamar da muke zaune a bakinta, sai na tarar tsohuwar nan ta riga mu gane inda aka dosa. Abin da na samo ke nan nake so in baje a wannan fili.

Yadda aka yi fim ɗin

An saki fim ɗin a Amurka ranar 18 ga Nuwamba, 1988. Wanda ya ba da umarni shi ne Don Bluth, mai zane da ya bar kamfanin Disney a 1979 ya kafa nasa. Masu ɗaukar nauyi kuwa sun haɗa da Steven Spielberg da George Lucas. A birnin Dublin na ƙasar Ayalan aka yi aikin zanen, da hannu, hoto bayan hoto. Tsawonsa minti 69 ne kawai, domin an yanke wasu wurare da aka ga za su firgita yara. Duk da haka ya samu karɓuwa, har aka yi masa ci gaba kashi 13 daga 1994 zuwa 2016.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Fari ya cinye ganyen ƙasa, sai garkunan dabbobin da ake kira dainoso suka kama hanyar wani kwari mai ni'ima da suka ji labarinsa. Wani ɗan ƙarami mai dogon wuya, Littlefoot, ya rasa uwarsa bayan ta yi artabu da wani mai cin nama don ta kare shi, girgizar ƙasa kuma ta raba shi da kakanninsa. A hanya ya haɗu da wasu yara huɗu, kowanne da jinsinsa: Cera mai ƙaho uku, da Ducky, da Petrie mai fiffike da ke tsoron tashi, da Spike. Iyayen wasunsu sun hore su cewa jinsi ba ya wasa da wani jinsi, amma yunwa da tsoro suka tilasta musu tafiya tare. Sai da suka haɗa ƙarfi sannan suka ga bayan abokin gaba, suka isa kwarin.

Akwai wani abu da ya kamata mai rubutu ya lura da shi. Dabbobin da aka haɗa a fim ɗin ba su yi zamani ɗaya ba. Jinsin Spike da na Littlefoot sun rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, jinsin Cera da na mai cin naman kuwa kimanin shekara miliyan 67. Wato tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin mai cin naman da mu. Masu fim sun haɗa su ne domin labari ya tafi. Haka kuma duk jinsunan nan a Arewacin Amurka aka fara tono ƙasusuwansu. Ba a saka ko ɗaya daga Afirka ba, alhali kuwa a maƙwabtanmu akwai ɗaya daga cikin manyan makabartun waɗannan halittu a duniya.

Ƙasusuwan da ke ƙarƙashin yashinmu

A kudu maso gabashin Agadas, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. Faransawa masu neman ma'adinin yuraniyam ne suka ci karo da manyan ƙasusuwa a warwatse a kan yashi, suka sanar da masana a Faris. Wani matashin masani, Philippe Taquet, ya je wurin a tsakiyar shekarun 1960, ya tono wata dabba mai cin ganye, mai tudu a gadon baya, tsawonta ya kai mita 7. A 1976 ya raɗa mata suna Ouranosaurus nigeriensis. Kashin farko na sunan ya fito ne daga kalmar da Buzaye ke kiran damon hamada da ita, wadda kuma ke ɗauke da ma'anar jarunta. Ƙasusuwan wannan dabba suna gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai. A nan Gadufawa ne kuma aka samo wani dangin kada mai suna Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya haura mita 9. Waɗannan duka sun rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka shige, lokacin da wurin yake cike da koguna da itatuwa.

Daga 1993 wani Ba'amurke daga Jami'ar Chicago, Paul Sereno, ya shiga kai ayari Nijar. A 1999 shi da abokan aikinsa suka bayyana jinsuna biyu masu dogon wuya, wato dangin Littlefoot. Ɗaya ita ce Nigersaurus, mai faɗin baki da haƙora wajen 500, wadda ke kiwo kanta a ƙasa kamar saniya. Ɗayar kuma Jobaria, da aka tono a kusa da Ingal, tsawonta wajen mita 18. An samo sunanta daga Jobar, wata halitta da Buzayen yankin ke ambata a tatsuniyoyinsu dangane da waɗannan ƙasusuwa. Ashe tun kafin masana su zo da awo da ma'auni, makiyaya sun ga ƙasusuwan, sun kuma ƙulla musu labari.

A Nijeriya ma ƙasar Sakkwato ba a bar ta a baya ba. A 1930 wani masani ɗan Birtaniya, W. E. Swinton, ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka samo a can, daga bisani wasu Italiyawa ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka ƙara tono wasu, a 1972 suka sa wa dabbar suna Goronyosaurus, wato daga sunan garin Goronyo. Ita ba dainoso ba ce, ƙatuwar dabbar ruwan gishiri ce mai jan ciki, shaidar cewa wani reshen teku ya taɓa malalowa ta Sahara har ƙasar Sakkwato kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. Ikon Allah ya fi gaban mamaki.

To ina Haɗeja a cikin wannan?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa duk wannan da Haɗeja? Ƙasar da ke ƙarƙashin fadamarmu laka ce da yashi da suka taru a kwarin Chadi a baya-bayan nan, miliyoyin shekaru bayan ƙarewar dainoso, saboda haka mai haƙa rijiya a Guri ko Auyo ba zai ci karo da ƙashinsu ba. Amma akwai igiya biyu da suka ɗaure mu da labarin.

Ta farko tsuntsaye ce. A rediyo mun saba jin ana fassara dainoso da kakan ƙadangaru, amma binciken masana ya tabbatar da cewa zuriyarsu da ta rage a duniya tsuntsaye ne. Kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, ƙura ta rufe rana, manyan suka ƙare, wani reshe mai gashi da fiffike ya tsira. Ke nan dinya da kirinjijiya da zalɓe da gauraka da muke gani a Baturiya su ne magadan. Duk shekara, idan hunturu ya kama Turai, dubban agwagin ruwa da 'yan tsuntsayen bakin gaɓa sukan ƙetare teku da Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, su yi rani, su koma. Wannan ƙaura ce ta sa aka kafa shirin kare dausayin a 1987, ta jawo Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, aka kuma shigar da tafkin Nguru da mashigar Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008.

Igiya ta biyu ita ce wadda tsohuwar nan ta hango. Kwari mai ni'ima da ake gudu zuwa gare shi idan ƙasa ta bushe ba almara ba ne a wurinmu. Kogin Haɗeja, wanda ya samo ruwansa daga kogin Kano da na Challawa, idan ya wuce gari sai ya shiga tsakanin tsofaffin tuddan yashi ya rarrabu, ya malale, kafin ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. Wannan malala ita ce arzikin yankin. Manomi ya shuka shinkafa a ruwa, idan ya janye ya bi danshi da wake da alkama da tattasai. Masunci ya kama tarwaɗa da ƙarfasa. Bafillace ya sauko da shanu da rani. Mata su yanki kaba su saƙa tabarma. Bahaushe da Babade da Bamange da Bafillace kowa da lokacinsa a fili ɗaya. A shekarun yunwa, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 har zuwa farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, irin waɗannan fadamu ne mutane da dabbobi suka dogara da su bayan tudu ya ƙone.

Sai dai kwarin fim yana nan yadda yake har abada, namu kuwa ya sha canji a hannun ɗan Adam. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani, wannan ba abin musu ba ne. Amma filin da ruwa ke malalewa a ƙasa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974, ya koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, fari da madatsa suka haɗu suka rage shi. Wani bincike da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a fadama ya zarce wanda ake samu a aikin ban-ruwa na Kogin Kano. Daɗin daɗawa, da ruwa ya koma gudana rani da damina ba tare da kogi ya bushe ya huta ba, sai ciyawar kachala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu garuruwa suka rasa ruwa, wasu ya ci musu gonaki, jan-baki kuma ya samu mafaka yana faɗa wa hatsi. Ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta raba dubban mutanen Jigawa da muhallansu. Da fili ya ƙuntata, burtali ya shige gona, sai zaman manomi da makiyayi ya yi tsami, har aka kai ga zubar da jini a wurare da dama. Horon da uban Cera ya yi wa 'yarsa, cewa kowa ya tsaya a cikin jinsinsa, yanzu akwai gidajen da ake yi wa yara irinsa a bakin wannan kogi.

Kammalawa

'Yan'uwa, dalilin da ya sa na kawo wannan tarihi a mujallar marubuta shi ne rubutun yara ya yi mana ƙaranci. Tun daga bunƙasar littattafanmu na Kano a ƙarshen shekarun 1980 muka fi karkata ga soyayya da zaman aure, ba laifi ba ne, amma mun bar yaro da abin da aka zana masa a wata ƙasa. Alhali muna da magabata a wannan fage. Abubakar Imam ya sa aku ya riƙe ɗan sarki da labari a Magana Jari Ce, Umaru Dembo kuma ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Kayan aiki ga su nan a ƙofar gida. Ga Jobar na Buzaye, ga tekun da ya taɓa kwanciya a Goronyo, ga ɗan tsuntsun da ya taso daga Turai ya iske tafkin da uwarsa ta saba sauka kachala ta rufe shi, ga ɗan masunci da ɗan makiyayi da ambaliya ta haɗa a kan tudu ɗaya.

Shawarata ga mai son gwadawa guda biyu ce. Ya tantance gaskiyar abin da zai faɗa wa yaro, shekara da suna da wuri, domin abin da yaro ya ɗauka da wuya ya ajiye. Sannan kada ya ɓoye masa ɗacin rayuwa. Masu fim ɗin nan sun bar uwar Littlefoot ta mutu a gaban 'yan kallo, kuma wannan ne ya sa har yau ake tunawa da shi. Yaron Marma ko na Kiri Kasamma da ya ga ruwa ya ci gonar ubansa zai iya ɗaukar labari mai nauyi, muddin an nuna masa yadda ake tashi bayan an faɗi. Allah Ya ba mu ikon rubutawa, amin.