Daga Ajiya zuwa Takaful: Wa ke Ɗaukar Asarar Zinaren Amarya?

Zoben baiko al'adar Turawa ce, amma a ƙasar Mafara, Bakura da Maradun, abin da ke tabbatar da maganar aure tun kaka da kakanni shi ne goron sa rana, da lefe, da uwa uba sadaki, wanda malaman Malikiyya suka ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, wato kimanin giram 1 na zinare. Da can azurfa ce adon mata. Sai da alhazai suka yawaita, suna dawowa da sarƙa da 'yan kunne ƙirar Makka, sannan gwal ya zama dukiyar amarya, wadda take kuncewa ranar da gari ya ɓaci.

Tsaron wannan dukiya kuwa bai wuce ajiya ba. Akan ƙulle ta a tsumma, a tura can ƙasan adaka, ko a kai wa gwaggo ko wani dattijo da aka shaida da amana. Sai dai hukuncin wadi'a, wato ajiya, kamar yadda almajirai ke karanta shi a Risala da Muhtasar, shi ne cewa wanda aka ba ajiya ba ya ramuwa idan ta salwanta, matuƙar bai yi sakaci ko ta'addi ba. Saboda haka gobara ko ɓarawo in sun zo, asarar a kan mai kaya take sauka, sai jaje da "Allah ya mayar da alheri".

Wannan giɓi ne inshora ta zo cikewa. Kamfanin Royal Exchange ya buɗe reshe a Ikko a 1921, gwamnati ta kafa nata kamfanin, NICON, a 1969, amma malamai da dama suka ƙyamace ta, suna ganin garari da riba a cikinta, jama'a kuma ba su san ta ba sai a takardun mota. Mafita ta fito daga Sudan a 1979, inda aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko bisa ta'awuni, wato kowa ya ba da tabarru'i cikin asusu ɗaya, wanda musiba ta afka wa a share masa hawaye daga ciki; wannan tsari shi ake kira takaful. A nan gida kuwa, hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, shekaru 13 bayan Zamfara ta soma aiki da shari'a a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura.

A ganina, shubuhar fiƙihu ta ragu, amma ta aiki tana nan. Kamfani yana son rasit da nauyi da kimar kaya a rubuce, alhali yawancin zinaren mata gado ne ko tsarabar hajji, kuma a shekarun nan na 'yan bindiga, macen da ta san ciwon kanta ba ta yarda ko maƙwabciya ta san giram nawa ta mallaka, balle baƙon da ya zo da takarda da biro.