Fasawa, Karyawa da Tsinkewa: Koyar da Kalmomin Aikatau na Ingilishi a Makarantun Gaya

Harshen Ingilishi yana da tarin kalmomin aikatau da ke bayyana rabuwar abu ko lalacewarsa da ƙarfi, waɗanda suka haɗa da break, crack, snap, smash, shatter, split, burst, crush da tear. Yaron da aka haifa cikin harshen yakan tsince su da kunne tun bai shiga aji ba. Ɗalibin Jamhuriyar Nijar kuwa sai ya gama shekara shida na firamare, ya shiga ajin farko na kwaleji, sannan yake cin karo da su, kuma galibi ta bakin Faransanci ake gabatar masa da su. Malami ya rubuta break a allo, ya rubuta casser a gefensa, yara su kwafa. Wannan hanya tana zubar da wani jari da yaron ya zo da shi daga gida, domin Hausa ta riga ta rarraba masa ayyukan fasawa da karyawa filla-filla.

Garin Gaya, a jihar Dosso, wuri ne da ya dace a duba wannan batu. Yana bakin kogin Kwara, kimanin kilomita 300 daga Yamai, yana kallon Malanbil ta ƙasar Benin a ɗaya gaɓar, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya ba nisa ta gabas. Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci duk suna yawo a kasuwa da tasha, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu mai harshe biyu ko uku ba abin mamaki ba ne a nan. Ingilishi ma ba a littafi kaɗai ake gamuwa da shi ba: yana shigowa a bakin direbobi da ƴan kasuwa, a jikin kwalin kaya, da cikin finafinan waya. Tun watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan haɗa Hausa da Ingilishi kai tsaye a cikin aji ya samu madogara a hukumance.

Tsarin Hausa ya dogara ne a kan siffar abin da aikin ya faɗa wa. Abu mai ciki ko mai ɓawo, irin tulu, ƙwarya, ƙwai da kwalba, fasa shi ake yi. Abu dogo mai tauri, kamar sanda, rake ko ƙashin ƙafa, karya shi ake yi. Igiya da zare da maɗaurin silifa tsinkewa suke yi, zane da takarda yagewa ko kecewa, bango da diddige tsagewa. Itacen girki ana faskara shi, gini yana rushewa. Babu Bahaushen da zai ce ya karya ƙwai ko ya fasa sanda, ko da ƙaramin yaro ne, kuma babu wata kalma ɗaya da ta lulluɓe waɗannan duka. Dole mai magana ya zaɓa. (Akwai ƴan maganganu da suka kauce wa ƙa'idar, kuma mutanen kan iyaka sun fi kowa sanin ɗaya daga cikinsu, wato fasa-ƙwauri, inda aka jingina fasawa ga ƙashi.)

Masana harshe sun daɗe suna nazarin wannan rukuni. A 1970 Charles Fillmore ya nuna cewa kalmomin bugu da na karyawa a Ingilishi jinsi biyu ne daban: na karyawa suna tabbatar da cewa abin ya sauya kama, na bugu ba sa tabbatarwa. Ana iya cewa an bugi tulu amma bai yi komai ba, ba a iya cewa an fasa shi amma yana nan garau. Daga baya masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, ciki har da Asifa Majid da Melissa Bowerman, suka nuna wa masu magana da harsuna 28 gajerun hotunan bidiyo 61 na yanka da karyawa, suka nemi kowa ya faɗi abin da ya gani. Sakamakon da suka buga a 2008 ya nuna cewa harsuna sun fi bambanta ayyukan ta fuskar ko ana iya sanin wurin da abin zai rabu, kamar yankan wuƙa, ko ba a iya sani. Bayan wannan sai yagewa ta ware gefe, sannan aka samu rabuwa tsakanin karya dogon abu da hannu da ragargaza abu da duka. Iyakokin da Hausa ta shata sun zauna a kan waɗannan layuka, har ma ta tilasta bambancin ƙarshe da Ingilishi ya bar wa mai magana zaɓi.

A nan ne wahalar farko take. Kalmar break uwa ce ga saura: tana aiki da tulu, da sanda, da ƙafa, da igiya, har da wayar salula ko injin ban ruwa da ya daina aiki ba tare da ya rabu ba, inda Hausa za ta ce ya lalace. Ɗalibin da aka ce masa break na nufin karya zai yi ta neman wata kalma daban don ƙwai. Abin da ya kamata ya ji tun farko shi ne cewa Bature yana da kalma ɗaya da ke tsayawa a madadin fasa da karya da tsinka. Sai dai faɗin nata yana da iyaka: ba ta shiga zane ko takarda. Nan tear ce kaɗai, kuma ta yi daidai da yaga kusan ba saura.

Sauran kalmomin kuwa ba siffar abu suka fi kallo ba. Sun fi kula da yadda aikin ya auku da abin da ya bari. Snap rabuwa ce ta farat ɗaya mai ƙara, don haka ta haɗa abin da Hausa ta raba: busasshen kara da ya karye da igiyar da ta tsinke duk snap ne. Smash tana nuna ƙarfin dukan, kusa da ragargaza. Shatter tana kallon tarwatsewar abu mai gautsi, kamar gilashin mota, zuwa ƙananan gutsattsari, abin da Hausa kan bayyana ta ninka gaɓa, ta ce ya farfashe. Crack tsagewa ce ba tare da rabuwa ba, amma ita ce kuma ake amfani da ita wajen fasa ƙwai ko ƙwallon ɗan itace. Burst fashewar abu ce saboda matsin da ke cikinsa, irin tayar babbar mota ko buhun da aka cika fiye da kima. Split tsagawa ce ta tsawo, kamar faskare, crush kuma murƙushewa ce a ƙarƙashin nauyi. Kalmar fashe ita kaɗai, ke nan, tana iya zama break ko shatter ko burst, gwargwadon abin da ya fashe da yadda ya fashe. Jerin kalma-da-kalma ba ya iya ɗaukar wannan.

Faransanci yana da briser da fendre da éclater da écraser, amma a maganar yau da kullum casser ce ke ɗaukar yawancin kaya, tun daga ƙwai har zuwa zare. Ɗalibin da Faransancinsa na aji ne kawai yakan tsaya a kanta. Idan aka bi da shi ta wannan ƙofa, bambancin da yake da shi a kansa yakan narke cikin kalma ɗaya, sannan a nemi ya sake gina wani sabo a harshe na uku ko na huɗu.

Akwai kuma tasirin Ingilishin Najeriya da Buroka da ke shigowa ta Kamba. A can ana cewa silifa ko igiya ta cut idan ta tsinke, ana cewa mota ko waya ta spoil idan ta lalace. Maganganu ne masu rai, kuma yaron da zai yi ciniki a Kamba ko Birnin Kebbi da su za a fahimce shi. Amma a Ingilishin littafi da na jarrabawar kammala kwaleji ta BEPC, cut tana buƙatar abu mai kaifi, spoil kuma ta fi zama da abinci. Malami mai basira ba zai kira su shirme ba. Zai nuna wa ɗalibi inda kowacce take cin kasuwarta.

Ta fuskar nahawu, Hausa ta fi Faransanci taimako wajen bayani. Tsarin giredi bakwai na aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 ya nuna yadda ƙarshen kalma ke sauyawa: yaro ya fasa tulu, tulu ya fashe, ya karya sanda, sanda ta karye, ya yaga riga, riga ta yage. Ingilishi ba ya sauya komai, siga ɗaya ce ke aiki ko da karɓau ko babu. Yaron da ya ga jimlolin Hausa biyu a gefen jimlolin Ingilishi biyu yakan gane nan take cewa abin da harshensa ke yi da wasalin ƙarshe, Ingilishi yana yi ne da jerin kalmomi. Crush ce ta fita daban, don ba kasafai take tsayawa babu mai aikatawa ba. Sigogin da suka shuɗe, irin broke da broken, tore da torn, da split da burst da ba sa sauyawa, haddace su kawai ake yi.

Kayan darasin kuwa suna nan a bakin makaranta. Gaya ƙasar rake ce. Guntun rake ɗaya, busasshen karan dawa, tsohuwar ƙwarya, zaren ɗinki, tsumma, ledar ruwa da kwankon gyaɗa sun isa. Malami ya ɗora karan a gwiwa ya karya, ƙarar ta cika aji, ya tambayi yara me ya faru, su amsa da harshen gida, sannan ya ba su break, ya ƙara da snap. Ya ja zaren har ya tsinke, su ce ya tsinke, shi kuma ya sake ba su kalmomin nan biyu. A wannan gaɓa ake ganin fuskoki suna sauyawa, domin sun ga abu biyu da suke kira da suna daban sun samu suna ɗaya. Ya hura ledar ya buga ta tsakanin tafuka don burst, ya murƙushe gyaɗar a ƙarƙashin takalmi don crush. Ƙwaryar a fara danna ta har ta tsage, a tsaya a sanya suna, kafin a ragargaza ta. Kalmomin nan tara duka a zama ɗaya sun yi yawa: break da tear su fara zama, sauran su biyo baya bibbiyu.

Ana iya ƙorafin cewa ajin Gaya ba na Hausawa zalla ba ne, kuma malamin da aka turo daga wata jiha ba lallai ya ji Dandanci ba. Ƙorafi ne mai tushe, amma tunda abin da ake gani shi ne tushen darasin, kowane yaro yana iya sa masa suna da harshensa. Zabarmanci ma ya raba bagu na tulu da ceeri na sanda. Masu ra'ayin kada a ji wani harshe a ajin Ingilishi kuma suna mantawa cewa ana jin Faransanci a cikinsa kullum. Nijar ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da harsunan gida, tun makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973.

Ma'anonin aro su ne ya kamata a jinkirta zuwa manyan azuzuwa, domin suna yaudara. Wasu sun dace: karya doka da karya alkawari suna da takwarorinsu da break. Amma idan Bature ya ce mutum ya yi break na azuminsa, buɗa baki yake nufi bayan faɗuwar rana, alhali karya azumi a Hausa ɓata shi ne da rana tsaka. Ɗalibin da ya fassara kai tsaye zai ɗora wa mai ibada laifin da bai yi ba, don haka irin waɗannan ana koyar da su ne ɗaya-ɗaya, kowanne a cikin cikakkiyar jimlarsa.