Tarihin Gano Sinadarin da ke Tayar da Ƙullun Waina

Mai tuyar waina a Mugulbu ta ƙasar Mubi ta san cewa ƙullu yakan tashi idan ya kwana, amma an daɗe kafin masana su gano yadda hakan ke faruwa. A 1897 Bajamushe Eduard Buchner ya nuna cewa ruwan da aka matse daga yis yana tsima sukari ko babu rayayyar ƙwaya. A 1911 Carl Neuberg ya gano sinadarin dikaboksilas, mai fitar da iskar kabon daga fairubet, matakin da ke taimakon yis samun kuzari idan iskar shaƙa ta yanke. Wannan iska ce ke kumbura ƙullu. A 1937 aka tabbatar cewa sinadarin ba ya aiki sai da bitamin B1. Saboda haka, ya kyautu manhaja ta faro wannan darasi daga ƙwaryar ƙullu.